Wa Ke Riƙe da Alƙalin? Hukunci da Siyasa a Tseren Motoci

A watan Janairun 1989 ayarin tseren Paris-Dakar ya shigo Nijar daga Libiya. Ya sauka Dirku, ya ratsa ta Tarmit a arewacin jihar Damagaram, ya bi ta Agadas da Tawa har Yamai, daga nan ya nufi Gawo ta ƙasar Mali. Motoci biyu na kamfanin Peugeot ne a gaba, sun ba sauran rata mai nisa. Ɗaya tana hannun Ari Vatanen ɗan ƙasar Finland, ɗayar tana hannun Jacky Ickx ɗan Beljiyam. Ba su da abokin karawa sai junansu, kuma gudun da suke zubawa ya kai inda ubangidansu, Jean Todt, ya ji tsoron kada su ragargaza motocin biyu kamfani ya tashi a tutar babu. Da aka isa Gawo sai ya ciro ƙwandalar faran 10 ta Faransa ya jefa sama. Ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen. Aka umarci Ickx ya sassauta, ya kuwa bi umarni, har ta kai shi ga jiran abokinsa ya wuce a kwanakin ƙarshe. Vatanen ya shiga Dakar a matsayin zakara.

Babu wata doka da aka taka, amma Jean-Marie Balestre, wanda ke shugabantar hukumar tseren motoci ta duniya a lokacin, ya fusata, yana ganin an mayar da gasa wasan yara. Wata tara bayan haka shi kansa ya shiga bakin duniya. Ranar 22 ga Oktoban 1989, a filin Suzuka na Japan, Ayrton Senna ɗan Brazil da Alain Prost ɗan Faransa suka yi karo suna neman kambin Formula 1. Prost ya fita daga motarsa, Senna ya samu aka tura tasa ta tashi, ya ci gaba har ya zo na ɗaya. Alƙalai suka soke nasarar, suka ce ya yanke kwana wajen komawa kan hanya. Kambi ya tafi hannun Prost. Da ƙungiyarsu ta McLaren ta ɗaukaka ƙara, sai aka ƙara wa Senna tarar dala 100,000 da dakatarwar wata shida ta jeka-ka-gyara-halinka. Senna ya fito fili ya ce shugaban hukuma Bafaranshe ya tsaya wa ɗan ƙasarsu. Har yau masu bin wannan wasa ba su daina gardama a kan ranar ba.

Na fara da waɗannan biyu ne domin tun daga wancan lokaci wasu daga cikin mutanen da ke cikin labarin da matsalar da ke cikinsa ba su bar fagen ba. Yawancin masu ƙorafi suna tsayawa ne a kan nauyin hukunci: wannan ya yi tsanani, wancan ya yi sauƙi. A ganina ciwon ya fi nan zurfi. Gida ɗaya ne ke rubuta doka, shi ke naɗa alƙali, shi ke sallamarsa, shi ke karɓar tara, kuma maigidan ɗan siyasa ne mai neman ƙuri'a duk shekara huɗu. Matuƙar haka abin yake, ko hukunci ya yi daidai da wuya a gaskata shi.

Gidan shi ne FIA, hukumar da aka kafa a 1904, mai hedikwata a birnin Paris, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu motoci na ƙasashe sama da 140. Ita ke da dokokin Formula 1 da na gasar rali ta duniya, kuma tun 2022 tseren Dakar ma ya shiga jerin gasanninta, ko da yake kamfani mai zaman kansa, ASO, ke shirya shi. Harkar kuɗin Formula 1, wato talla da talabijin da kwangilar filaye, tana hannun kamfanin Liberty Media na Amurka tun 2017. A ranar tsere akwai darakta, wanda ke ba da umarnin a tashi, a tsaya, ko a fito da motar kiyaye haɗari ta shiga gaba ta rage wa kowa gudu. Akwai kuma alƙalai uku ko huɗu a wani ɗaki cike da allunan bidiyo, su ne masu yanke hukunci. Tun 2010 ake sa tsohon direba ɗaya a cikinsu. Abin da ke hannunsu ya kama daga ƙarin daƙiƙa 5 ko 10 a kan lokacin direba, zuwa mayar da shi baya a layin tashi, zuwa korarsa daga sakamako ɗungum. Tun 2014 kuma ana rubuta wa direba makin laifi a lasisinsa. In ya tara 12 cikin wata 12 sai ya zauna gida tsere ɗaya, kamar yadda ya faru da Kevin Magnussen a 2024.

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa a nan Damagaram ya san hukunci iri biyu ne. In kaye ya yi kaye, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa a gaban dubban idanu, ba a neman ra'ayin kowa. Wanda aka kayar ya kaɗe rairayi ya rungumi abokinsa. Rigima tana tashi ne in an daɗe ba kaye, aka koma ga gargaɗin da alƙalin wasa ya rarraba: wane ne ke gudun kamu, wane ne ya yi riƙon da bai halatta ba. Nan take za ka ji 'yan kallo sun fara tambayar daga wace jiha alƙalin ya fito. Tun da aka fara gasar kokowa ta Takobi a Tawa a 1975 mutanen Nijar suka san wannan bambanci, kuma shi ne dai a tseren motoci.

Akwai hukuncin awo. A watan Yulin 2024 George Russell ya zo na ɗaya a tseren Beljiyam, aka ɗora motarsa a kan sikeli aka tarar ta gaza nauyin da doka ta gindaya da kilo ɗaya da rabi. Aka karɓe nasarar, ƙungiyarsa ta Mercedes ta amsa kuskurenta, magana ta mutu. A Nuwamban 2025 a Las Vegas an soke sakamakon motocin McLaren biyu, ta Lando Norris da ta Oscar Piastri, ana tsakiyar neman kambi, saboda katakon da ke ƙarƙashin motocin ya cinye ya gaza milimita 9. Hukunci ne mai ɗaci, ga shi abin da ya ragu bai kai kaurin farce ba, amma ba wanda ya ce an yi son kai, domin ma'auni ba ya sanin sunan direba.

Sai hukuncin gani da ido, inda ake tambayar wa ya riga wa shiga kwana, wa ya matse wa, wa ya bar wa abokinsa fili. A nan alƙalan FIA suna da wata ƙa'ida da suke riƙe da ita, cewa laifin ake hukuntawa, ba abin da laifin ya haifar ba. A watan Yulin 2021 a Silverstone ta Ingila, Lewis Hamilton ya taɓa motar Max Verstappen a zagayen farko, Verstappen ya daki shinge da mugun gudu har aka kai shi asibiti a duba shi. Alƙalai suka ce Hamilton ya fi laifi, suka ƙara masa daƙiƙa 10. Ya biya daƙiƙunsa, ya kuma ci tseren. Ina fahimtar hujjar ƙa'idar, domin in aka ce sakamako za a duba, kuskure iri ɗaya zai samu hukunci iri biyu bisa sa'a kawai. Amma akwai inda take ɗingishi. Daƙiƙa 10 ga mai motar da ta fi ta kowa gudu abu ne da zai rama cikin 'yan zagaye. Ga mai motar tsakiya kuwa ita ce ke raba shi da makin da ƙungiyarsa ta yi wata tana nema. Hukuncin a takarda ɗaya ne, a jiki kuwa ba ɗaya ba ne.

Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne yawancin hukuncin da ake yankewa ana cikin tsere ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ya rage wa ƙungiya shi ne ta kawo sabuwar hujja cikin 'yan kwanaki ta roƙi a sake dubawa. A 2025, a tseren Holand, an ɗora wa Carlos Sainz daƙiƙa 10 da makin laifi 2. Ƙungiyarsa ta Williams ta kawo wani hoton bidiyo da alƙalai ba su gani ba, suka duba suka yarda ba laifinsa ba ne, suka share makin. Daƙiƙun kuwa ya riga ya biya su a fili, ba mai mayar masa. An wanke shi, amma ihu ne bayan hari.

Su waye waɗannan alƙalai? Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni mamaki lokacin da na fara bin al'amarin. A wasan da ake juya biliyoyin daloli, wanda aka yi tsere 24 a shekarar 2025, alƙalan 'yan sa-kai ne. Ana biya musu kuɗin tafiya da masauki da ɗan alawus, kuma ana canza su daga tsere zuwa tsere. Wanda ya yi hukunci a Japan ba lallai ne shi zai yi a Mekziko ba, shi ya sa laifi iri ɗaya kan samu amsa daban-daban. Direbobi sun daɗe suna roƙon a ɗauki alƙalai na dindindin masu albashi, gardamar da ta hana ita ce wa zai biya. Mutumin da ba a ba shi albashi ba dole ya nemi abinci a wani wuri. A Janairun 2025 FIA ta sallami tsohon direba Johnny Herbert daga alƙalanci, ta ce aikin bai dace da sharhin da yake yi wa kafofin watsa labarai ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan: alƙali ana ciyar da shi daga baitulmali domin kada ya sa ido a hannun masu ƙara, kuma ba ya zama a kan shari'ar da yake da amfani a cikinta. Abin da aka sani a zauren alƙalin Damagaram tun zamanin sarakunan farko, har yau hukumar da ke Paris ba ta kammala shi ba.

Ranar da wannan rauni ya fito tsirara ita ce 12 ga Disamban 2021 a Abu Dabi. Hamilton da Verstappen sun zo tseren ƙarshe da maki daidai wa daida, 369.5 kowanne. Hamilton na gaba da rata mai kyau, saura zagaye biyar ko shida, sai motar Nicholas Latifi ta daki bango, aka fito da motar kiyaye haɗari. Verstappen ya shiga wurin canza taya ya sa sababbin tayoyi masu laushi. Hamilton bai shiga ba, don in ya shiga zai rasa matsayinsa, ya zauna da tsofaffin tayoyinsa. Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka yi wa zagaye. Dokar da aka saba da ita ta ce in za a bar irin waɗannan motoci su wuce, sai a bar su duka su wuce, sannan motar kiyaye haɗari ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta koma. Da an bi wannan, da tseren ya ƙare a bayanta, Hamilton ya ɗauki kambinsa na takwas. Darakta Michael Masi, wanda shugabannin ƙungiyoyin biyu ke ta yi wa magana a kunne ta rediyo duniya na saurare, ya fara cewa ba motar da za ta wuce. Can sai ya ce waɗannan biyar kaɗai su wuce, sauran su tsaya, ya kuma janye motar kiyaye haɗari a wannan zagayen. Saura zagaye ɗaya, sabuwar taya a bayan tsohuwa. Verstappen ya wuce, ya zama zakara.

Mercedes, ƙungiyar Hamilton a lokacin, ta kai ƙara a daren, alƙalai suka kore ta, suka ce darakta yana da ikon ƙarshe a kan motar kiyaye haɗari. A Fabrairun 2022 aka cire Masi daga kujerarsa. A Maris FIA ta fitar da rahoto ta ce kuskure ne irin na ɗan Adam, an yi shi da kyakkyawar niyya, sakamako kuma yana nan daram. Verstappen bai yi laifin komai ba, ya tuƙa abin da aka ba shi, kuma ya cancanci yabo a kan shekarar da ya yi. Ban kuma yarda da masu cewa an shirya abin tun farko ba. Abin da na gani shi ne mutum ɗaya a ƙarƙashin matsi, wanda aka daɗe ana gaya masa cewa masu talabijin ba sa son tsere ya ƙare a bayan motar kiyaye haɗari, ya lanƙwasa doka don a samu abin kallo. Amma a duba yadda aka bi da ƙarar. Ma'aikacin FIA ya yi kuskure, alƙalan da FIA ta naɗa suka saurari ƙorafi, FIA ta binciki kanta, ta kuma ba kanta amsa. Ko da Mercedes ta ci gaba, kotun ɗaukaka ƙarar ma ta gidan ce, duk da ana cewa alƙalanta masu cin gashin kansu ne. Kwana huɗu bayan tseren ta janye.

In aka bar filin tsere aka shiga ofis, nan ne siyasa ke tafiya ba takalmi. A 2007 an ci McLaren tarar dala miliyan 100, aka kuma share mata makin shekarar, saboda an sami takardun sirrin Ferrari a hannun wani babban ma'aikacinta. A watan Disambar wannan shekara aka sami Renault da bayanan McLaren, aka tabbatar ta karya doka, ba a ci ta ko dala ba. Hukumar ta ce laifukan ba girmansu ɗaya ba, mai yiwuwa haka ne, amma kowa ya san ba a ga-maciji tsakanin Max Mosley, shugaban FIA na lokacin, da Ron Dennis mai McLaren. A Fabrairun 2020 FIA ta ba da sanarwar cewa ta kammala binciken injin Ferrari na 2019, sun kuma sasanta, abin da aka sasanta a kai sirri ne. Ƙungiyoyi bakwai suka sa hannu a takardar nuna rashin yarda. Hukumar ta ce ba ta iya tabbatar da laifi ba ne. Shugabanta a ranar kuwa shi ne Jean Todt, wanda ya shafe shekaru sama da goma yana jagorantar Ferrari. Ba ni da hujjar cewa ya sa baki, amma sirri a irin wannan wuri ba ya haifar da komai sai zargi. A Oktoban 2022 aka sami Red Bull, ƙungiyar Verstappen, ta wuce iyakar kashe kuɗi ta 2021, wadda aka sa a dala miliyan 145, da wajen dala miliyan 2. Aka ci ta dala miliyan 7, aka rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwajin iska, kuma wannan ma ta hanyar yarjejeniya aka kai gare shi. Hukuncin da ake ciniki a kansa kafin a sanar, ƙananan ƙungiyoyi suna da dalilin kallonsa a matsayin farashi.

Shi Todt ɗin tarihinsa kaɗai ya isa darasi. A 2002 a Ostiriya, yana shugaban Ferrari, an umarci Rubens Barrichello ya buɗe wa Michael Schumacher hanya dab da layin ƙarshe. 'Yan kallo suka yi ta ihu, hukuma ta haramta irin wannan umarni daga 2003. A 2009 Todt ya tsaya takarar shugabancin FIA, kuma abokin hamayyarsa ba kowa ba ne illa Ari Vatanen, direbansa na hamada, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe a kan kawo gyara da bayyana gaskiya. Todt ya samu ƙuri'a 135, Vatanen 49. A 2010 Ferrari ta sake yin irin wancan umarni a Jamus, aka ci ta dala 100,000, a ƙarshen shekarar kuma aka soke haramcin gaba ɗaya. Soke shi daidai ne a ganina, don doka ce da ba a iya tsare ta. Abin lura shi ne yadda mutum ɗaya ke tashi daga kujerar mai ƙara ya koma ta mai doka, duniyar kuma ƙarama ce, kowa tsohon yaron wani ne ko tsohon ubangidansa.

Magajin Todt, Mohammed Ben Sulayem na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tsohon zakaran rali na Gabas ta Tsakiya, ya hau a Disamban 2021, shi ne na farko da ba Bature ba. Da yawa daga cikinmu mun yi murna da hakan, kuma har yanzu ina ganin wasu daga cikin sukar da jaridun Ingila ke yi masa akwai ƙyashi a ciki. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Satumban 2024 aka hukunta Verstappen saboda ya yi ashar a taron manema labarai a Singafo, aka ce ya yi aikin al'umma, ya kuma yi shi a Kigali ta Ruwanda a Disamba. A Janairun 2025 aka fito da sabon jadawali: direban Formula 1 da ya yi zagi zai biya yuro 40,000 a karon farko, wato sama da sefa miliyan 26, a karo na uku kuma yuro 120,000 da dakatarwar wata guda da rage maki. Mu nan ba mu ɗauki ashar da wasa ba, kuma ba na ganin laifi a ce wa wanda yara ke kallo ya kama bakinsa. Inda na tsaya shi ne, jadawalin ya haɗa har da maganar da za ta ɓata sunan hukumar. Wato wanda aka soka shi ne zai auna zafin sukar, ya kuma yanka tara. Tun a Nuwamban 2024 ƙungiyar direbobi ta rubuta budaɗɗiyar wasiƙa tana tambayar ina kuɗin tara ke tafiya. Da surutu ya yi yawa, a watan Mayun 2025 aka sassauta jadawalin, a watan Yuni kuma aka wallafa ƙa'idojin da alƙalai ke bi wajen hukunta tuƙi, waɗanda a da ba kowa ke ganinsu ba. Wannan mataki ne mai kyau, ya kamata a faɗa.

Abin da ya fi tara muhimmanci ya faru ne a zauren taro. A babban taron Kigali na Disamban 2024 an gyara tsarin mulkin hukumar ta yadda ƙorafin da ya shafi ɗa'a zai bi ta hannun shugaba da shugaban majalisar dattawan hukumar. A shekarar ne kuma kwamitin ɗa'a ya wanke Ben Sulayem daga zargin sa baki a hukuncin da aka yi wa Fernando Alonso a Saudiyya a 2023. A Afrilun 2025 mataimakinsa mai kula da wasanni, Robert Reid, ya yi murabus yana kukan yadda ake yanke shawara a ɓoye. Sai zaɓen Disamban 2025. Doka ta ce duk ɗan takara sai ya gabatar da mataimaka daga kowane yanki na duniya, daga cikin sunayen da aka amince da su. Daga Kudancin Amurka suna ɗaya tak ya fito, Fabiana Ecclestone, ita kuma tana tare da shugaba mai ci. Tim Mayer, Ba'amurken da ya daɗe yana alƙalancin Formula 1 kafin a sallame shi a 2024, ya so tsayawa, ya ga ba hanya, ya janye. Ranar 12 ga Disamba a Tashkent aka sake zaɓen Ben Sulayem ba hamayya. Mutumin Nijar ko Najeriya ba ya buƙatar a yi masa fassarar irin wannan zaɓe.

Akwai kuma wasu da ba a taɓa kiransu zauren shari'ar ba, su ne mutanen da ake tsere a ƙasarsu. A 1986 hanyar Dakar ta biyo ta Damagaram kanta, a shekarar da wanda ya ƙirƙiro tseren, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu. Damagaram, garin da ya ginu a kan saukar ayari, wanda unguwarsa ta Zango ta samo asali daga masaukin fatake, bai ga baƙon abu ba a zuwan matafiya. An sayar da mai, an sayar da abinci, makanikai da jagorori sun samu aiki, musamman a Agadas inda Mano Dayak ya yi aiki da masu shirya tseren. Amma a 1988, shekarar da aka sace motar Vatanen a Bamako, aka same ta, aka kuma kore shi daga gasar saboda ya makara wajen tashi, a wannan tseren ne mota ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali, wata motar kuma ta 'yan ɗaukar hoto ta kashe uwa da 'yarta a Murtaniya. Littattafan tarihin wasan sun cika da muhawara a kan ko an zalunci Vatanen. A 2006 ma yara biyu sun mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Gaskiya ne daga baya an sa iyakar gudu a cikin ƙauyuka, ana bibiya da GPS, ana hukunta wanda ya wuce. Sai dai an yi shekaru ana auna makarar minti da tsanani fiye da yadda ake auna gudu a tsakiyar gari. A Janairun 2000 kuma, da aka sami labarin barazanar 'yan bindiga, masu shirya tseren suka soke sauran zangunan Nijar, suka kwashe motoci a manyan jiragen Antonov daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. Kare rai wajibi ne, ba na musu. Amma waɗanda suka yi tanadi suna jiran ayari ba su da inda za su kai kuka. A 2008 aka soke tseren ɗungum saboda barazanar tsaro a Murtaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, ya koma Saudiyya a 2020, sunan Dakar kawai ya rage mana.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, da ba mu da fili ba mu da mota. Ruwanmu yana cikin akwatin zaɓe. A FIA ana raba ƙuri'a ne ƙasa-ƙasa, ba bisa yawan filayen tsere ba, don haka ƙungiyoyin Afirka suna da nauyin da duk mai neman kujerar sai ya zo ya gaishe su. Rabon Afirka da Formula 1 tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993. Ralin Safari na Kenya ya dawo gasar duniya a 2021, Ruwanda ta bayyana neman karɓar Formula 1 a Disamban 2024, Afirka ta Kudu ma tana nema. Ƙasar da za ta zuba dukiyar talakawanta a irin wannan harka tana da haƙƙin sanin wa ke yanke hukunci da kuma wa yake jin tsoro.

Gyaran ba mai wuyar faɗa ba ne. A ɗauki alƙalai na dindindin, a biya su daga asusun da shugaba ba ya taɓawa, a ba su wa'adin da ba za a iya katse shi don an ji haushin hukuncinsu ba. Duk sasantawa da aka yi da ƙungiya a buga ta kowa ya karanta, haka ma lissafin kuɗin tara. Ƙorafi a kan shugaba kuma kada ya bi ta teburinsa. Ba Hamilton ko Verstappen ne za su kawo wannan ba, domin direba ba ya da ƙuri'a ko ɗaya a zauren. Masu ƙuri'a su ne shugabannin ƙungiyoyin motoci na ƙasashe, har da namu na Afirka ta Yamma, kuma suna cikin zauren da aka amince da gyaran Kigali. Zaɓe na gaba yana zuwa a ƙarshen 2029. Kafin nan, 'yan jaridar wasanni na Yamai da Abuja da Dakar su je su tambayi wakilan ƙasashensu me suka zaɓa a Kigali da Tashkent, da kuma abin da aka yi musu alkawari.